Khairiyya Mai Gyaran Wayar Mata

A Gwandu, idan wayar mace ta lalace ba a doguwar shawara a kan inda za a kai ta. Mai ita za ta ja mayafinta ta nufi gidan Shamsuddeen tela, ta wuce shagon ɗinkinsa da ke zaure, ta shiga cikin gida. Can a ɗakin da ke kusa da rijiya za ta tarar da matarsa Khairiyya zaune gaban tebur, da ɗan sukundireba a hannu, ga tabarma an shimfiɗa wa baƙi.

A Dodoru aka haifi Khairiyya. Mahaifinta Malam Hamidu manomin albasa ne a fadama, mahaifiyarta Binta kuma tana kiwon tumaki a gida. Tun tana ƙarama hannunta bai san zama ba. Ta kwance tocilar gidan, ta kwance agogon bango, har rediyon Malam ta taɓa buɗewa wai tana neman mutumin da ke magana a ciki. Ta sha faɗa, amma rediyon dai ta mayar da shi yadda yake, ya ci gaba da magana. Da ta gama firamare sai aka kawo ta Gwandu wurin ƙanwar mahaifinta, Gwaggo Rahama, don ta yi sakandare. A nan ta girma, a nan ta haɗu da Shamsuddeen da ke ɗinka wa 'yan makaranta kaya, suka daidaita, aka yi aure.

Gwaggo Rahama mace ce da ba a biki ko suna a unguwar ba tare da ita ba. Ita ake ba wa manyan tukwane, ita ke sanin yawan gishirin da zai ishi masa ta mutum ɗari. Ga ta da raha, idan tana dariya ana ji daga gida na uku. 'Yarta Jummai tana aure a Sakkwato, ita ta saya mata babbar waya. Gwaggo ba ta karatun boko, saboda haka saƙon murya ya zame mata kamar an buɗe ƙofa tsakanin Gwandu da Sakkwato. Ta danna, ta yi magana, ta saki. Duk abin da ke ranta Jummai na ji.

Wuta kuwa sai ta ga dama take zuwa. Kamar kowa, Gwaggo takan aika wayarta rumfar masu caji a bakin kasuwa, inda samari ke jera wayoyi a kan katako suna tura wa mutane waƙoƙi da finafinai. A wannan lokacin wata larura ta mata ta kama ta, irin wadda ba a faɗa wa kowa sai 'yar cikinka. Ta faɗa wa Jummai komai a saƙon murya, tana kuka, ta ƙare da cewa, "Jummai, ni kam na ƙare."

Ba a san wanda ya fara buɗe wayar ba. Abin da aka sani shi ne saƙon ya fita, ya bi wayoyin samari ɗaya bayan ɗaya. Wanda aka ci a wasan ludo sai ya ce, "Jummai, ni kam na ƙare," a fashe da dariya. Wata ranar kasuwa Gwaggo ta fito sayen kayan miya, sai ta ji muryarta da kukanta suna fitowa daga aljihun wani ɗan kabu-kabu da ya mayar da su ƙarar kiransa. Ta ajiye kwandon a wurin, ta koma gida.

Khairiyya ta same ta a ɗaki ta juya wa ƙofa baya. Wayar na cikin kwano an rufe ta da faifai.

"Gwaggo, ki tashi ki ci abinci."

"Ɗiyata, da wace fuska zan ƙara fita? Irin abin da ban taɓa faɗa wa mijina ba tun yana da rai, yau 'yan kabu-kabu sun san shi."

An kai ƙara wurin mai unguwa, aka tara samarin aka yi musu faɗa, kowa ya rantse ba shi ba ne. Magana ta koma majalisa, kowa da ra'ayinsa. Wasu suka ce laifin Gwaggo ne, wa ya ce ta zuba wa ƙarfe sirrinta? Wasu suka ce ai wanda ba shi da abin ɓoyewa ba ya tsoron a duba masa waya. A gida kuwa Shamsuddeen ya ce da Gwaggo ta sa lambar sirri da hakan bai faru ba. Khairiyya tana tankaɗen gari ta ɗago ta dube shi.

"Malam, ranar da taka ta lalace ka kai gyara, mi suka fara tambayarka?"

"Lambar."

"Ka ba su?"

"Na ba su."

Tun daga ranar maganar ta zauna wa Khairiyya a rai. Ta aika Dodoru aka sayar da tumakin da mahaifiyarta ke kiwata mata, ta sa Shamsuddeen ya sayo mata farantin sola da batir a Birnin Kebbi. Aka ɗora farantin a kan rufin kwano, aka jawo wayar wuta zuwa ɗakin kusa da rijiya. Ta gaya wa maƙwabta cewa duk macen da ke son caji ta kawo, kuma ta kashe wayarta da hannunta kafin ta miƙa.

Gwaggo Rahama ce ta ƙi kawowa. Khairiyya ba ta matsa mata ba. Kullum da la'asar takan je ta zauna da ita, har ta raka ta asibiti aka duba larurar, aka ba ta magani ta samu sauƙi. Da sunan ɗan fari na Khairiyya ya zo, ta ce ita ba ta yarda kowa ya taɓa tukunyar ba sai Gwaggo, in kuwa ba haka ba a ci gaya. Gwaggo ta yi ta mita, amma ranar sunan da sassafe aka gan ta ta ɗaura zani a ƙugu tana ba 'yan mata umarni. Kafin azahar an ji dariyarta. Bayan kwana biyu ta fito da wayar daga cikin kwano ta kawo caji.

Cajin ne ya nuna wa Khairiyya girman abin. Mata suka riƙa zuwa da wayoyin da suka daɗe da mutuwa, daga ƙarƙashin katifa, daga cikin kwalla, suna tambaya ko sola za ta tashe su. Wata gilashin ne ya fashe, wata bakin caji ne ya lalace. Duk sun gwammace su zauna ba waya da su kai wa namiji ya ga hotunansu ba ɗankwali, ko ya ji hirarsu da 'yan uwansu. Wata ta ce mata hoton mahaifiyarta marigayiya na ciki, shi kaɗai ne take da shi, amma ba za ta kai kasuwa ba.

Yayar Khairiyya tana aure a Kalgo, mijinta Ashiru kuma mai gyaran waya ne, yana da shago kusa da tasha inda ɗaliban jami'a ke cika. Khairiyya ta shawarci mijinta cewa tana so ta je ta koya. Shamsuddeen ya yi kwanaki yana juya maganar. Ya san za a ce ya saki matarsa ta tafi koyon sana'ar maza. Amma shi ma mai sana'ar hannu ne, ya kuma ga yadda take kallon wayoyin nan kamar yadda shi yake kallon yadi mai kyau. Da kaka ta yi, shi da kansa ya raka ta tasha da goyonta.

Ashiru ya yi dariya da ya ji buƙatar.

"Ƙanwata, aikin ga ba ɗinkin hula ba ne. Dalma na ƙona hannu."

"Yaya, murhu ma yana ƙona hannu, kuma kullum muna kansa."

Ya kwaso mata buhun matattun wayoyi ya zube a tsakar gida, ya ce ta kwance ta mayar. Yana zaton mako guda zai ishe ta ta gaji. Ta ƙona yatsu, ta ɓatar da ƙananan kusoshi a cikin yashi, ta fasa gilashin da ba nata ba ta yi kuka. Amma ta ci gaba. Da safe kafin ya fita yakan nuna mata abu ɗaya, da yamma ya dawo ya tarar ta maimaita shi a kan waya biyar. Daga baya ya riƙa kawo mata aikin shago gida, canjin gilashi, liƙin bakin caji, wankin wadda ta faɗa ruwa.

Abu ɗaya suka saɓa a kai. Ta lura duk wayar da ya kawo da ɗan tef a bayanta an rubuta lambar sirrin mai ita.

"Yaya, don mi ake karɓar lambar?"

"Don a gwada mana. In na gyara sifika, ta yaya zan san ta yi in ban buɗe ba? Ni dai ba na duba wa kowa komai."

"Na yarda da kai. To yaran shagonka fa, in ka tahi masallaci?"

Ashiru ya ce haka kowa ke yi daga nan har Legas. Ta ce to ita a wurinta mai waya ce za ta gwada kayanta. Ya ce za ta ɓata wa kanta lokaci, don babu mai zama ya jira. Ta ce mata sun saba jira, a asibiti ma suna jira, balle a kan tabarma da ruwan sanyi.

Da ta dawo Gwandu haka ta tsara aikinta. Mai waya takan zauna kusa da tebur tana kallo. In an zo gwaji Khairiyya ta miƙa mata, ta juya fuskarta wajen taga har sai an ce an buɗe. In aikin zai kwana, sai mai ita ta cire sim da memori ta ƙulle a bakin zani, ta kashe wayar, ta tafi. Tana gyara tana koya musu yadda ake sa lamba, da dalilin da ya sa shekarar haihuwa ba lamba ba ce, da cewa duk wanda ya kira ya ce a karanto masa lambobin da aka turo a saƙo, a kashe kiran. Ranar da ta tayar da wayar matar nan mai hoton mahaifiya, matar ta riƙe wayar da hannu biyu ta daɗe tana kallon hoton.

Jarrabawarta ta zo ne daga cikin dangi. Alhaji Albarka, wan mahaifin Shamsuddeen, babban dillalin albasa ne, kuma shi ne uba a gidan tun rasuwar ƙaninsa. Ba a musa masa. 'Yarsa Mufida tana karatu a jami'a a Kalgo. Ta zo hutu, wayarta ta faɗi gilashin ya tsage, ta kawo wa Khairiyya. Babu irin gilashin a hannu, sai an aiko daga Birnin Kebbi, don haka wayar ta kwana biyu a ɗakin.

Da hantsi Alhaji ya yi sallama har tsakar gida, abin da bai saba ba. Khairiyya ta durƙusa ta gaishe shi, ta shimfiɗa masa darduma. Ya ce ba zama ya kawo shi ba.

"Wayar yarinyar ga tana wurinki?"

"Tana nan, Baffa."

"An ce ku masu gyara kuna da hanyar buɗewa ko ba lamba. Ina so ki buɗe min in ga da wa take magana. Kullum tana ɗaki tana murmushi ita kaɗai."

Khairiyya ta gyara durƙusonta. Mutumin nan shi ya karɓi aurenta, shi ya yanka ragon sunan ɗanta. Ta sunkuyar da kai.

"Baffa, ka yi min aikin gafara. Amana ta ba ni."

"Amana? Ɗiyata ce. Ni na haife ta, ni na sayi wayar."

"Haka ne, Baffa. Kana da ikon da ba ni da shi. Ka kira ta ka tambaye ta, ta buɗe maka da hannunta. Amma in na buɗe a bayan idonta, gobe wani zai zo ya ce ta matarsa ce, jibi wani ya ce ta ƙanwarsa ce. Ba macen da za ta ƙara shigowa ɗakin ga da kwanciyar rai."

Alhaji ya dube ta kamar bai taɓa ganinta ba. Ya juya ya fita zaure, ta ji yana gaya wa Shamsuddeen cewa tunda sana'a ta sa matarsa ta fara mayar wa manya magana, to a sauke farantin nan daga kan rufi. Shamsuddeen ya shigo fuskarsa ba walwala.

"Da kin ce masa ba ki iya ba, ai da an wuce wurin."

"In yi wa Baffa ƙarya? Kuma gobe ya kai wa wanda zai buɗe."

Ya tsaya yana kallon teburin, da wayoyin mutane a jere kowace da ƙyallen da mai ita ta ɗaura mata don shaida. Sannan ya ce farantin ba zai sauka ba, shi zai je ya ba Baffa haƙuri, in ya ƙi haƙura su jure.

Bai haƙura ba. Maganar ta fita gari, aka rabu biyu. A majalisar masu shayi wasu suka ce ta yi rashin kunya, uba ai ba a yi masa shamaki da 'yarsa. Suka ce 'ya'yan yanzu in ba a sa ido ba waya ce za ta yi musu tarbiyya. Wasu kuwa suka ce ai amana ta riƙe. Limamin unguwa da aka tambaya ya ce uba na da haƙƙin tsawatarwa da tambaya, amma wanda aka ba ajiya ba shi da haƙƙin buɗe ta, kuma addini ya hana bin diddigin sirrin mutane. A cikin gidaje kuwa, inda mata ke hira wajen daka da kitso, ba a rabu biyu ba. Labari ɗaya ke yawo: Alhaji Albarka da kansa ya tsaya a kanta, ba ta buɗe ba.

Da gilashin ya iso ta gyara, ta miƙa wa Mufida, ta kuma gaya mata gaskiya cewa mahaifinta na cikin damuwa, ya kamata ta je ta zauna da shi. Mufida ta je. Abin da suka tattauna, da abin da ke cikin wayar, Khairiyya ba ta sani ba har yau, ba ta kuma tambaya ba.

Daga wannan lokacin tabarma ɗaya ta daina isa. Ranar kasuwa mata kan zo daga Malisa da Masama, wata da wayoyi huɗu na maƙwabta a ƙulle a ɗankwali. Ɗalibai mata daga Kalgo suka fara haɗa nasu su ba Mufida ta kawo. Ashiru ya kira ta a waya yana dariya, ya ce ta janye masa rabin kasuwa, kuma ya cire tef daga shagonsa, yanzu ya sa benci mai waya ya zauna. Samarin rumfar caji ma suka rubuta a allo cewa a kashe waya kafin a bayar, don sun ga mata sun daina aikowa.

Alhaji Albarka ya yi wata da watanni ba ya amsa gaisuwarta sai da ka. Sai lokacin ban ruwan albasa ya zo, ya sunkuya duba injin a fadama, wayarsa ta zame daga aljihu ta faɗa cikin kwalbati. A cikinta duk hulɗarsa da 'yan kasuwar kudu take, da maganganun da ba ya so abokan hamayyarsa a kasuwa su ji. 'Ya'yansa suka ce a kai Birnin Kebbi. Ya ce a'a. Da la'asar ya yi sallama a tsakar gidan Shamsuddeen, wayar na naɗe a hankici tana ɗigar ruwa.

"An ce mutum na zama a yi a gabansa."

"Haka ne, Baffa."

"To kawo dardumar."

Matan da ke kan tabarma suka ja mayafi suka matsa gefe. Ya zauna yana jan carbi, ita kuma ta buɗe wayar, ta wanke ta, ta busar. Da hasken ya kawo ta miƙa masa, ta juya fuskarta wajen taga. Ya daɗe yana danne-danne, sannan ya yi gyaran murya.

"Komi na nan. Allah ya yi miki albarka, ɗiyata. In da mai riƙe ajiya irinki a kasuwar albasa, da na huta."

Washegari aka sauke buhun albasa a ƙofar gidan, kuma shi ne ya ba da ɗakin da ke jikin gidansa na bakin hanya don ta koyar da 'yan mata, da sharaɗin a fara da jikokinsa.

Yanzu 'yan mata da zawarawa ne ke zagaye da teburinta, wasu daga Gwandu, wasu daga ƙauyuka. Biyu daga cikin waɗanda ta yaye sun buɗe nasu, ɗaya a Masama, ɗaya a Kalgo. Darasin farko ba a taɓa sukundireba. Takan ɗora waya a buɗe a tsakiyar tebur ta fita ta bar su da ita, ta dawo ta tambayi wa ta leƙa. Wadda ta leƙa ba a korarta, sai dai ta sake darasin.

Kwanan baya wata dattijuwa mai suna Inno ta zo daga rugar da ke bayan Malisa, ta sauke ƙwaryar nono, ta ciro ƙaramar waya daga cikin leda tana warin kindirmo. Ta ce tana damu ne wayar ta suɓuce cikin ƙwarya, kuma ɗanta da ya tafi da shanu kudu ta nan kaɗai yake samunta. Khairiyya ta miƙa wa ɗaya daga cikin ɗalibanta, ta tsaya a bayanta tana kallo. Yarinyar ta buɗe, ta goge nonon da ya daskare a kan fanel, allon da ke cikin wayar, ta busar, ta mayar da batir. Wayar ta yi ƙara ta kawo haske.

Aka miƙa wa Inno, ɗalibar ta juya fuska wajen taga kamar yadda aka koya mata. Inno ta dube ta, ta dubi Khairiyya.

"Mi ya samu yarinyar? Fushi take da ni?"

"A'a, Inno. Jira take ki sa lambarki ta sirri."

"Ni ba ni da wata lamba. Sirrina a cikina yake, ba na ba ƙarfe." Ta ɗan yi tunani, tana juya wayar a tafin hannu. "Amma matan ɗiyana akwai son ji. Sa min ɗaya, mai sauƙin riƙewa."

Khairiyya ta ce ai Inno ce za ta zaɓa da kanta, su dai nuna mata wurin dannawa kawai za su yi. Inno ta ja tabarma ta koma lungu, ta ba su baya, ta daɗe tana lissafi da yatsu. Da ta gama ta kira ɗanta, ya ɗauka daga wani daji mai nisa, suka shiga Fulatanci tana dariya. Kafin ta tafi sai da ta dama wa duk ɗakin fura.